Taƙi Biyu da Yatsu Uku

Ni ɗan bakin kogi ne wanda bai iya ruwa ba. A Yawuri aka haife ni, a gidan da kowa ke ci daga jirgi, amma tun ina yaro idan na shiga kwalekwale ƙasan katako nake kallo, ina neman inda ruwa zai ɓullo. Da na gama firamare na yi wasu shekaru ina riƙe wa yayana igiya a bakin kogi, sannan na tattara na koma Kano na koyi sayar da kayan teloli: zif, maɓalli, zare, allurar keke. Sana'ar ta dace da ni, domin ban taɓa jin wanda maɓalli ya nutsar ba. Ita ce kuma take kai ni Guangzhou ta ƙasar Sin sari, inda nake sauka a wani ɗan masauki a unguwar Sanyuanli.

Wanda ya san ni ya san halina. Zif ɗaya ɗaya nake zugewa kafin a rufe kwali. Idan na kulle ɗaki na sauko ƙasa sai na sake hawa na murɗa ƙofar. Liman yakan kai rabin Fatiha ina nan ina gyara niyya. Ban ɗauki wannan abin alfahari ba, na faɗa ne don a gane irin mutumin da Yaya ya ɗora wa aikin da ya ɗora mini.

Jirgin Yaya ba irin na sauran mutane ba ne. Sauran duk injin ratayawa suke da shi, wanda ake maƙalawa a baya da safe a cire a kai gida da yamma. Nasa na faiba ne, ba katako ba, wasu masu aikin gada suka sayar da suka gama kwangila. Injinsa a ciki yake kamar na mota, sannan an huda bayan jirgin, wani ƙarfe mai giya da farfela ya fita ta ramin ya sauka cikin ruwa. Wannan ƙarfen shi muke kira ƙafa. Ita ke tura jirgin, ita ke juya shi. Gidanmu kaf, da matan Yaya da 'ya'yansa da gwaggonmu da ta tsufa, a kan wannan ƙafa suke tsaye, musamman da damina idan ruwa ya cinye hanyar mota, mutanen ƙetare ba su da hanyar zuwa kasuwa sai ta jirgi.

Ina tsakiyar zaɓen maɓallai saƙon muryarsa ya shigo. Yaya ba ya doguwar gaisuwa da ƙaninsa.

"Bakano," haka yake kirana tun da na bar gida, "ƙafa ta mutu. Makaniki ya ce ba ta tashi. Tunda kana can inda ake yin komai, ka sayo wata ka aiko ta sama kafin ruwa ya kawo. Na wakilta ka."

Na saurari saƙon sau da yawa ko zan ji inda ya ce wasa yake yi.

Ranar farko a banza ta tafi. Na faɗa wa tafintan cikin waya cewa ƙafar jirgi nake nema, ya rubuta da Sinanci, na nuna wa direban tasi. Ya gyaɗa kai kamar kullum ake tambayarsa wannan. Sai da na hango jiragen sama suna sauka na gane filin jirgin sama na Baiyun ya nufa da ni. Wayar ba ta tambaye ni wane irin jirgi ba, ni kuma ban faɗa ba. Washegari na nemi Yaya ya turo hoto, kuma da hoton nan, daga wannan hannu zuwa wancan, aka kai ni wani shago can kudu da gari, a bakin ruwa, inda ake sayar da kayan jirage.

Mai shagon mace ce, gajera, da tabarau a rataye a wuya. Na gaishe ta da Sinanci, ni hawo, lawban, kamar yadda muke ce wa duk mai shago. Ta dubi hoton ta yi dariya, ta ce wa wayata wani abu, wayar ta ce mini kakan wannan ƙafar ma ya daina aiki. Kamfanin da ke ƙera ta ya bar yin irinta tuntuni. Amma ta ɗaga yatsa ɗaya, ta ja ni bayan shago, ta yaye wani tamfol. Ga ta nan kwance, irin ta Yaya sak, ta hannu, da tsatsa a wuya da fenti yana ɓarewa. Ita kaɗai ta rage. Wannan ba sai an taɓa jirgi ba, a kwance waccan a ɗaura wannan.

Sannan ta kai ni gaba ta nuna mini wata sabuwa fil, ƙirar wani kamfani dabam, tana ƙyalli a cikin leda. Ta ce akwai ƙarfen da ke haɗa ta da tsohon inji, wannan ba matsala. Matsalar ramin ne. Dole a sa zarto a faɗaɗa shi ta gefe, a huda sababbin ramukan ƙusa, sannan farantin sabuwar ƙafar ya rufe wurin. Idan an yanke, tsohuwar ƙira ba za ta ƙara zama ba har abada. Idan kuma tsohon ramin ya fi farantin tsawo, to ba a rufe shi, ruwa zai shiga. Ta miƙo mini tef ta ce in faɗi tsawon ramin.

Na kira Yaya a nan take. Ya ce in jira. Na ji takunsa a kan yashi, na ji ya yi wa wani tsawa ya matsa. Can ya ce, "Tsawo taƙi biyu da yatsu uku. Faɗi taƙi guda."

Na ce, "Yaya, da an samu tef..."

"Tef? Ni tela ne? Kai ne mai tef. Da hannun ga na auna kowane katako na jirgin babanmu."

Ya kashe waya. Wani zai ce me ya hana ni sake kira in nace. Wanda zai faɗi haka ba Yaya ne ya rene shi ba. A ce masa awonsa bai isa ba daidai yake da a ce masa hannunsa bai isa ba, kuma ni na san hannun nan.

Na buɗe nawa hannun a kan farantin, daga babban yatsa zuwa na tsakiya, na auna biyu, na ƙara yatsu uku. Ramin ya zauna cikin farantin har da saura. Lawban ta ce hawo, hawo, wato ya yi, ta jawo kalkuleta. Har na fara murna sai na dubi hannuna. Hannun mai zaɓen maɓalli ne. Na Yaya kuwa idan ya damƙi ƙwarya ba a ganin ƙwaryar. Taƙina biyu ba taƙinsa biyu ba ne. Na ce mata she-she, wato na gode, zan dawo, na fita da gumi.

Ranar Juma'a bayan an sallame a masallacin Huaisheng muna da wurin da muke haɗuwa, wani gidan taliya na Musulmin Sin. Nan na yi kuskuren ba da labari. Kafin a kawo shayi duk teburin ya zama na masana jirgin ruwa. Akwai wani Alhaji ɗan Kano mai sarin takalma, wanda babban ruwan da ya taɓa ƙetarewa shi ne kwatar ƙofar shagonsa da damina. Shi ya fara yanke hukunci.

"Sarkin Ruwa," take ya naɗa mini wannan sarauta, "asali ake bi. Jirgi ya saba da ƙafarsa. Yau a yanke maka ƙafa a sa maka ta wani, za ka yi tafiya?"

Wani ɗan Maraɗi mai sarin kayan babur, dogo, mai yawan shiru, ya ajiye cokali. "Alhaji, ita wagga tsohuwar in ta lalace gobe, ina za a samu piyes ɗin gyaranta? Ka taɓa ganin an aje tsohon abu an auri tsohon abu?"

"Ku dama 'yan Nijar ba ku da riƙo. Wannan ai sauya sheƙa ne."

Daga nan kalmar ta zauna. Teburin ya rabu gida biyu, 'yan asali da 'yan sauya sheƙa. Wani ɗan Kumasi ya ce a jefar da duka a rataya injin waje kamar kowa, aka haɗu aka yi masa ca, domin jam'iyya ta uku ba ta da farin jini ko a wurin taliya. Wani ya ce surukinsa ya taɓa canza wa tirela giya, motar ta riƙa tafiya da baya. Wani ya ce ya gani a waya an ce ƙarfen da ya fi tsatsa shi ya fi ƙarko. Kowa na magana da ƙarfin zuciyar wanda ba ɗan'uwansa ne zai shiga jirgin ba.

Da na kawo maganar taƙi sai rikici ya koma can. Alhaji ya ce taƙi daga babban yatsa ne zuwa manuni. Ɗan Maraɗi ya ce wannan gajeren awo ne na mata masu auna zane, na maza zuwa yatsan tsakiya ne, wasu ma ɗani suke ce masa. Manyan mutane masu kwantena a teku suka baje hannuwa a kan tebur suna gwadawa, ma'aikatan gidan suka tsaya suna kallo. Wannan kam na iya raba gardamar, domin na sha ganin Yaya yana awo: zuwa na tsakiya yake kaiwa. Abin da ban sani ba shi ne tsawon hannun.

A hanyar komawa masauki dabara ta zo mini. Idan ba zan iya kawo hannun Yaya Guangzhou ba, ai zan iya neman irinsa a nan. Mutanen da ke garin nan sun fi a ƙirga, ba zai yiwu a rasa hannu ɗaya da ya yi daidai ba.

Na shiga gaisawa da mutane. Ban taɓa zumunci irin na wannan makon ba. A kasuwar tufafi, a ƙofar masu kago da ke aika mana kaya gida, a bakin jirgin ƙarƙashin ƙasa, duk baƙin mutum da na hango da faffaɗar kafaɗa sai na yi masa sallama na miƙa hannu, na riƙe nasa ina tambayar iyali alhali ina auna yatsu. Wani Bayarabe ya zare hannunsa ya duba agogonsa ko yana nan. Wani ɗan Mali ya ɗauka malamin duba ne ni, ya tambaye ni ko kayansa za su fita lafiya. Da dare kuma sai wani tunanin ya hana ni sakat: shin gaisuwar da aka yi da wata manufa tana da lada, ko yaudara ce? Na riƙa yin istigfari bayan kowace musafaha, abin da ya sa wasu suka ɗauka ƙyamarsu nake yi.

Matsalar ita ce musafaha ba ta gaya mini komai, saboda ni da Yaya ba ma musafaha. Durƙusawa nake yi in gaishe shi. Na yi ta tunanin ta ina na san girman hannun nan, sai amsar ta zo mini da kanta, kuncina na hagu ya yi zafi. Ranar da na ce masa zan bar kogi in tafi Kano, na riga na zama saurayi, fuskata ta gama girma. Ya ɗauke ni da mari guda ɗaya. Ban manta ba: gindin tafinsa a haɓata, kan yatsunsa ya wuce saman kunnena. Ashe tef ɗin yana jikina tun tuni.

Juma'ar da ta biyo na bayyana wa majalisa. An yi dariya har mai gidan taliya ya leƙo. Amma 'yan kasuwa mutane ne masu son a gwada kaya, nan da nan aka yi layi. Na zauna a kujera, kowa ya zo ya ɗora tafinsa a kuncina. Na ɗan Kumasi bai kai kunne ba. Na Alhaji faɗi gare shi ba tsawo, ga laushi kamar burodi.

"Ai ba a gane shi a hankali," in ji Alhaji yana naɗe hannun riga. "Yadda aka yi na farko haka za a maimaita. Ka tsaya in yi maka da ƙarfinsa, saboda Allah."

Na ce na gode, a bar shi a hankalin.

Ɗan Maraɗi ne na ƙarshe, kuma sai da aka roƙe shi. Ya goge hannu da tsumma, ya ce in yi haƙuri, ya ɗora. Gindin tafi a haɓa, yatsu sun wuce saman kunne. Har kaushin ɗaya ne. Ban san lokacin da na sunkuyar da kai ba kamar mai jiran faɗa. Na ce shi ne. Alhaji ya ce a sake gwadawa, domin hannun ɗan adawa ne, ba a yarda da shi ba sai da wakili. Haka aka yi ya bi mu shagon washegari a matsayin mai sa ido.

Lawban ta shimfiɗa kwali a ƙasa, ta kifa farantin sabuwar ƙafar ta zana gefensa da alƙalami. Ɗan Maraɗi ya tsuguna ya buɗe hannu. Taƙi ɗaya, taƙi biyu, yatsu uku. Awon ya fita daga zanen, ya wuce da kamar faɗin yatsa. Ya sake, haka. Ramin ya fi farantin tsawo. Lawban ta girgiza kai.

Alhaji ya gyara hula. "Hannun ɗan jam'iyyarku ne ya kayar da ku. Sarkin Ruwa, a naɗe tsohuwa."

Gaskiya na ji sanyi a raina, ba don ina son tsohuwar ba, sai don an ɗauke mini zaɓi. Amma halina bai bar ni ba. Na ce kafin a naɗe bari in nuna wa Yaya ita ta bidiyo, ya gani da idonsa, kada gobe a ce ban nuna ba. Aka yi sa'a waya ta shiga. Ga Yaya a bakin kogi, rana na dukansa, ga jirgin a bayansa an ja shi kan yashi. Na juya wayar kan tsohuwar ƙafar. Ya matso da fuska, ya ɗaga hannu ya kare rana.

Ɗan Maraɗi da ke leƙe ta kafaɗata ya ce wa Yaya, "Sannu Alhaji. Ina sauran yatsanka?"

Na dubi wayar da kyau. Yatsan tsakiya na hannun daman Yaya ba shi da gaɓar sama.

"Wa ke nan?" in ji Yaya. "Ita wagga ƙafar ta ci shi, shekarun baya, ina cire mata ciyawa. Bakano bai gaya maka ba? Ai har jaje ya zo, ya kawo mini lemu."

Na zo ɗin. Na tuna lemun, na tuna ma na dawo daga tasha na sake duba ko na bar wa gwaggo maganinta. Mutumin da ya yi mako yana tunanin ko gaisuwa da manufa haramun ce, ya manta yayansa ba shi da kan yatsa. Hannun da na yi ta nema a Guangzhou hannun da ya mare ni ne, ba wanda ya auna ramin ba.

Na ce, "Yaya, da wane hannu ka auna?"

"Da hagu ake auna abin arziki?"

Ɗan Maraɗi ya dubi nasa yatsan. Ya koma kan kwalin, ya lanƙwashe gaɓar sama ta yatsansa na tsakiya, ya sake awo. Kowane taƙi ya ragu da gaɓa guda. Wannan karon awon ya tsaya cikin zanen, da ɗan saura sama da ƙasa. Lawban ta sa tabarau ta duba, ta sa tef, ta ce hawo. Alhaji ya ce wannan maguɗi ne a fili, an lanƙwashe yatsa bayan an gama ƙirga.

Zaɓin da aka ɗauke mini ya dawo ya zauna a wuyana. Na ce, "Yaya, duka biyun za su yi. Wannan ba a taɓa jirgi, amma tsohuwa ce. Waccan sabuwa ce, amma sai an yanka. Wacce za a ɗauka?"

"Kai ke ganinsu. Na ce na wakilta ka." Wayar ta mutu, ko shi ya kashe, har yau ban sani ba.

Na tsaya tsakanin ƙafafu biyu. Idan na ɗauki tsohuwa ta mutu a tsakiyar kogi da mata da buhunan shinkafa, ni ne. Idan na ɗauki sabuwa aka sa zarto aka ga gaɓar ɗan Maraɗi ba gaɓar Yaya ba ce, jirgin gidanmu ya zama kwano mai huda, ni ne. Alhaji kuma na ta magana a kunnena.

Sai na yi abin da na iya, abin da nake yi wa zif. Na tsuguna gaban tsohuwar na fara taɓa ta gaɓa gaɓa. Na nuna wata roba mai kama da zugazugi a wuyanta, wadda ke hana ruwa shiga, na tambayi lawban idan ta yage akwai wata. Ta ce meyo, wato babu. Na nuna farfela. Meyo. Na nuna haƙoran giya. Meyo, meyo. Ko kalmar Sinanci ɗaya mutum ya sani a garin nan, wannan ce. Na koma kan sabuwar na nuna robarta. Ta ce yo, wato akwai, ta jawo kwali cike da su. Duk abin da na taɓa, yo.

Ban zama jarumi a wurin ba. Lissafin matsorata na yi. Idan na ɗauki tsohuwa, tsorona ba shi da ranar ƙarewa, kowace damina zan kwana ina tunanin robar nan da babu irinta a duniya. Idan na ɗauki sabuwa, tsoron na rana ɗaya ne, ranar yanka. Na zaɓi tsoron da ke da iyaka. Na ce a naɗe sabuwa, a ƙara robobi, a ba ni kwalin da aka yi zanen a kai.

"Shi ke nan, ya sauya sheƙa," in ji Alhaji. "Allah ya kiyaye mutanen Yawuri." Amma shi ya kira mini mai kagon da ya sani a Baiyun, kuma ya tsaya har aka ɗaure akwatin, yana yi wa masu ɗaurin gyara.

Ban bari an yanka ba sai da na zo. Daga Kano ko kayana ban kwance ba na wuce Yawuri da kwalin a hammata. Kafin makaniki ya taɓa zarto na manna kwalin a bayan jirgin. Ramin ya ɓuya a cikin zanen, saurar ba ta kai yadda muka gani a shago ba, amma akwai ta. Da zarto ya fara cin faiba na koma bayan wata bishiya na toshe kunnuwa. Yaya kuwa yana tsaye yana gaya wa masu kallo cewa shi dama tuntuni ya so canza ƙirar, ya aiki yaron nan ne kawai ya ɗauko.

Da aka tura jirgin cikin ruwa ya ce in shiga. Rabona da shiga jirgi tun kafin marin. Na shiga, na wuce can baya, na tsuguna kusa da inji na sa tafina a ƙasan farantin ta ciki. Haka muka ƙetare muka dawo, ban ga kogi ba, ban ga ƙetare ba. Wata tsohuwa mai kaji ta tambayi Yaya ko ciwon ciki nake yi. Da muka tsaya na duba tafina. Gumi ne, na ɗanɗana don in tabbatar.

Lissafina dai bai fita ba. Tsoron bai ƙare ranar yanka ba. Har yanzu da an ce ruwa ya kawo nake kiran gida in tambayi robar, Yaya ya ce tana gaishe ni. A Guangzhou kuma sarautar ta bi ni, Alhaji ba ya kirana sai Sarkin Ruwa mai sauya sheƙa, kuma duk baƙon da ya zo sai an ba shi labarin kujerar gidan taliya.

Labarin kujerar ya riga ni isa Yawuri, ban san ta bakin wa ba. Da yammacin ranar da aka gwada jirgin, na durƙusa zan yi wa Yaya sallama, sai ya ce in ɗago. Ya ɗaga hannun dama. Jikina ya tuna kafin ni, na runtse ido. Ya ɗora shi a kuncina a hankali, gindin tafi a haɓa. Yatsan ya tsaya a tsakiyar kunne.

"Bai kai ba," ya ce. "Gobe in za ka aika a yi awo, ka turo tef ɗin naka. Kana sayar da su, ko guda ba ka taɓa kawo wa gida ba."